Mun ga malaman lakwal suna shirya darasi cikin na'ura a Damagaram

Daga Maraɗi zuwa Damagaram kwalta ce, ta bi ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita. In ka ga manyan duwatsu sun taso kamar an jibge buhunan hatsi, to ka iso. Ruwa yana wuya a garin, tun da asuba amalanken jarka suke kai da kawowa.

Damagaram ta daɗe da sanin lakwal. Ita ce babban birnin ƙasa har 1926. Nan kuma aka buɗe lakwal ta farko ta gwaji inda yara suke fara karatu da Hausa, a 1973. Tun lokacin kukan malamai ɗaya ne: littattafan Hausa ba su isa.

A wani aji wajen unguwar Zango muka iske malamai, maza da mata, ana koya musu su yi nasu da kwamfuta da wayar salula. Ran Alhamis an tura su kasuwar Dole, sun ɗauko hoton raƙumi, ƙwarya, tabarma da jakar dukawa. Kowane hoto a rubuta sunansa a ƙasa, malami ya faɗi kalmar da bakinsa, na'ura ta riƙe muryar. Yaro ya taɓa, ya ji. Darasin yana wucewa daga waya zuwa waya ta Bluetooth, ba a biyan ko dala.

Manya za su tuna talabijin ta lakwal da aka fara a Yamai a 1964. Wancan darasi a shirye yake zuwa daga nesa. Wannan kuwa mushe ne da kansa yake ƙera shi da kayan garinsu, shi ya sa ya fi kwanta mini.

Inda suka sha wuya shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa. Kwamfutocin don Faransanci aka yi su, babu ƙ, ɗ, ɓ, ƴ. Ka rubuta ƙafa, ta fito kafa. Baƙi ya koma baki! Sai da aka sa musu baƙaƙen Hausa ciki aiki ya tafi.

Wata malama daga karkarar Mirya ta ce ajinta rumfar kara ce, ba wutar lantarki, waya ɗaya ce, tata. Aka shirya za ta buga nata a takarda kafin ta koma, muryar kuwa ta riƙa sa wa yara ita gungu-gungu.