Kan masu cewa darasin tsutsa ɓata lokaci ne

'Yan ajinmu suna ta ƙorafi a guruf, wai me ya haɗa mu da jijiyar tsutsa, a koya mana abin da zai kawo aiki. To ni dai a zangon nan babu darasin da ya tsaya mini a rai kamarsa.

Tsila da tsutsar tsargiya ba su da zuciya, ba su da jini. To ta yaya saƙo ke zagaya jikinsu? Wasu ƙwayoyin jijiya ne suka ɗauki aikin: su haɗa sinadari, su tara shi cikin 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, in lokaci ya yi su sake shi. Serotonin ya sa tsoka motsi. Akwai kuma niropeptayid F, wanda masu bincike a Belfast suka fara cirowa daga tsilar tumaki a 1991.

Amma ga inda abin ya ɗaure mini kai. Macen tsutsar tsargiya a cikin wani kwari a jikin namiji take zaune, kuma in babu shi ba ta balaga, ba ta ƙwai. A 2022 wasu masana a Amurka suka nuna cewa in ta taɓa shi, ƙwayoyin jijiyarsa ne ke fitar da wani ɗan sinadari da ake kira BATT, shi ke tayar da ita. Kuma fa ƙwan ne cutar, ba tsutsar ba. Shi ke maƙalewa a mafitsara har yaro ya yi fitsarin jini, wasu a ƙauyukanmu su ce wai alamar girma ce. A toshe saƙon nan, babu ƙwai ke nan.

Yau kusan magani ɗaya duniya ta dogara da shi, praziquantel, kuma ba ya kashe ƙananan tsutsotsi sosai. Nijeriya kuwa tana sahun gaba a yawan masu cutar. Ranar da ya daina ci fa?

Nan Durumi nake hutu gidan kawuna, kuma da damina ina ganin yara suna wanka a rafi, wallahi katantanwa kawai nake tunawa. Furojet ɗina a kanta zan yi in Allah ya yarda. Wa ya san malamin da zai karɓa?