Wani Allon Dutse a Kamakura

Lokacin da na je kwas ɗin malamai a Japan, an kai mu garin Kamakura, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Tokiyo. Baƙi na tururuwa can don ganin ƙaton mutum-mutumin Buda na tagulla, mai tsawon fiye da mita 11. Ni kuwa abin da ya tsayar da ni shi ne wani allon dutse a harabar wurin, na tunawa da J.R. Jayewardene, mutumin Siri Lanka.

To, me ya kawo sunan baƙo nan? A 1942 jiragen yaƙin Japan sun jefa bama-bamai a Kolambo, babban birnin Silon, wato Siri Lanka ta yau. A 1951, bayan an ci Japan da yaƙi, ƙasashe suka taru a San Faransisko don sulhu. Jayewardene, ministan kuɗin Silon, ya miƙe ya ce ƙasarsa ba ta neman diyya, a bar Japan da 'yancinta.

Japanawa ba su manta ba. Da ya zama shugaban ƙasa, sai suka gina wa Siri Lanka asibiti kyauta mai gado 1,001 kusa da Kolambo, aka buɗe shi a 1984.

Tsibiran nan dubban kilomita ne tsakaninsu, amma yafiya ta mai da su maƙwabta. Mu da muke katanga ɗaya da wasu ƙabilu, sai mu duba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya sa mu dace.