Harsashi Bai San Iyakar Gona Ba

Yau ba labarin soyayya na kawo maku ba kamar yadda na saba a littattafaina, wani abu ne da ya faru a gidana a Gusau, na ga bai kamata in bar shi a cikina ba.

A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara, lokacin Gwamna Bello Matawalle, ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga. Duk da cewa 'yan sanda sun fito sun ce ba a ɗage hanin ba da lasisi ba, zancen bindiga ya cika majalisun maza. Ana cikin haka ne maigidana ya dawo daga Tsafe wata ranar Juma'a, bakinsa har kunne, ya miƙo mani waya ya ce, "Hajiya, dubi wata ƙasaitacciya da abokina ya nuna mani." Na duba sai na ga doguwar bindiga da madubin hange a bayanta, irin ta fina-finan Turawa.

Gabana ya faɗi, na ce, "Alhaji, yaƙi za ka?" Ya yi dariya ya ce shi ba ruwansa da yaƙi, nishaɗi kawai yake so, ranar hutu ya je gona ya harbi kurciya da zabbin daji, in babu su ya jera gwangwani. Kuɗin kuwa, wanda muka daɗe muna tarawa ne don kayan ɗakin babbar 'yarmu. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Ban yi masa musu ba, don na san halin kayana. Washegari na kira yayana, tsohon soja, na ce, "Yaya, mene ne bambancin wannan da bindigar toka?" Ya ce bindigar toka ta baki ake ɗura mata albarushi da 'yan ƙarafa, in an harba su watse, ƙarfinsu ya ƙare nan kusa. Ita kuwa wannan, cikin bututunta akwai zane mai murɗewa da ke sa harsashi ya riƙa juyi kamar katantanwa, shi ya sa yake miƙewa, har ya wuce kilomita 2 bai faɗi ba. Ya ce ko a Amurka inda ake sayen irinta don wasa, fili na musamman suke zuwa, da tudun ƙasa a bayan abin da ake harbi don ya tare harsashi. Ya ƙara da cewa dokar makamai ta 1959 ba ta yarda a riƙe irin wannan ba lasisi ba. Sannan a yanayin da muke ciki, wanda aka gani da irinta ko dai hukuma ta zarge shi, ko mutanen daji su biyo shi har gida don su ƙwace.

Ranar Lahadi muka je Bungudu gaida Baba, mahaifin maigida, wanda ya yi farauta tun yana saurayi, ba dajin da bai taka ba daga nan har gindin dutsen Kwatarkwashi. Bayan mun gaisa na durƙusa na ce, "Baba, ɗanka zai gaje ka, har ya zaɓi bindiga." Alhaji ya harare ni, amma dole ya nuna hoton.

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, tsakaninka da kurciyar taku nawa ne?" Alhaji ya ce, "Kamar ashirin, Baba." Ya ce, "To in ka kuskure ta fa, harsashin ina zai tsaya? Bayan gonarka gonar wani ce, akwai mata masu kala, akwai yara masu kiwo. Harsashi bai san iyakar gona ba. Kuma yau a ƙasar nan in aka ji ƙarar bindiga, mai ciki sai ta yi ɓari, kai kana can kana nishaɗi." Sai ya kira wani jikansa, ya karɓi danƙonsa ya miƙa wa Alhaji ya ce, "Ungo, wannan ya ishi kurciya."

Wallahi kwana uku maigida bai yi mani magana ba sai gaisuwa. Na yi haƙuri, na ci gaba da kyautata masa. A rana ta huɗu ya ajiye kuɗin a gabana ya ce in fara sayen kwanuka.

'Yan uwa, kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ba maza kaɗai ke da shi ba. Mu ma mukan sayi abin da ya fi ƙarfin buƙatarmu don kawai a ce muna da shi. Sai dai tukunyar da ta yi girma asarar kuɗi ce kawai, bindigar da ta yi girma kuwa ran ɗan wani ne. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. In kin ga maigida ya nufi bakinta, kada ki yi masa tsawa, kada kuma ki yi shiru, ki nemi wanda yake jin nauyinsa.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.