Kafin a Sayar da Wuƙar Tsohon Soja

A gidaje da dama na ƙasar Hausa akwai adakar da ba a cika buɗewa ba, wadda ke ɗauke da ragowar kayan wani tsohon soja: lambar yabo, takardar sallama da ta fara cinyewa, wani lokaci da wuƙa a cikin kubenta. Masu kayan sun riga mu gidan gaskiya, magada kuma ba su san ko abin da ke hannunsu dukiya ce ko tarkace ba. Ra'ayina shi ne darajar irin wannan wuƙa ta dogara ga abu biyu, kuma dukkansu muna ɓarnatar da su da hannunmu: kamanninta na asali, da shaidar wanda ya riƙe ta.

Ba abin mamaki ba ne a tarar da makaman Yaƙin Duniya na Biyu a gidajenmu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama, kuma akwai 'yan Arewa da yawa a cikinsu. A 1944 bataliyoyi uku na sojan Nijeriya sun shiga cikin dakarun Chindit, waɗanda suka kutsa bayan layin Japanawa. Sunan barikin Chindit a Zariya da na Dalet a Kaduna duk daga wancan yaƙi suka samo asali. Adda ce makamin yanka da aka fi sanin sojojinmu da shi, amma soja kan dawo da abin da ya samu ta musaya, ko kyauta, ko saye.

Zan yi misali da wuƙar da masu tara kayan yaƙi suka fi nazarta, wato Fairbairn-Sykes. Sunan wasu Turawa biyu ne da suka yi aiki da 'yan sandan Shanghai, William Fairbairn da Eric Sykes. Su suka tsara ta, kamfanin Wilkinson Sword na Landan ya fara ƙera ta a farkon 1941 domin sojojin kundumbala na Birtaniya. Siririya ce mai kaifi biyu da tsini, tsawon ruwanta wajen inci bakwai.

Matakin farko na tantancewa shi ne sanin samfuri, domin iri uku ne manya. Na farko yana da makarin hannu mai lanƙwasa kamar harafin S, da ɗan fili marar kaifi a gindin ruwa inda aka zana tambarin kamfani, mariƙinsa kuma na tagulla ne mai ƙananan zane irin na raga. Na biyu makarinsa miƙaƙƙe ne, kuma babu wancan fili. Na uku, wanda ya bazu daga wajen 1943, mariƙinsa zubi ne mai zobba a jere, an yi shi da ƙarfe mai araha saboda a samu da yawa cikin hanzari. Na farko kaɗan aka yi, shi ya sa mai kyau a cikinsa kan kai dubban fam a gwanjon Ingila, alhali na uku bai cika wuce 'yan ɗaruruwa ba. Ga idon da bai saba ba, duk wuƙa ɗaya ce.

Mataki na biyu shi ne karanta alamomi. Ɗan tambari mai kama da kan kibiya yana nuna cewa kayan gwamnatin Birtaniya ne. Idan kuwa an buga sunan Ingila da Turanci a kan makarin hannu, galibi alama ce ta rarar kayan yaƙi da aka fitar zuwa Amurka bayan an gama yaƙin, don haka da wuya a ce ita ce kakan wani ya sauko da ita daga jirgin ruwa a Ikko. A kuma tuna cewa ba a daina ƙera wannan wuƙa ba har yau, kuma akwai masu buga tambarin jabu a kan sabuwa, su shafa mata sinadari ta yi kamar ta tsufa. Tsufan gaskiya yana bin inda hannu da kube suka goga shekara da shekaru. Na jabu kan bazu ko'ina bai ɗaya, kamar an shafa shuni.

Mataki na uku, wato yanayin wuƙar, shi ne inda al'adarmu ke cin karo da ta masu saye. A wurin Bahaushe wuƙa kayan aiki ce: in ta dakushe a wasa ta, in ta yi tsatsa a goge ta da toka ko yashi, in kube ya yage a kai wa baduku ya ɗinka sabo. Wannan hali ne mai kyau ga wuƙar mahauci, amma asara ce ga wuƙar tarihi. Wani ɗalibina ya taɓa nuna mini hoton wadda aka gada a gidansu. Mariƙinta na samfuri na biyu ne, sai dai an shekara talatin ana kai ta wurin mai washi duk Babbar Sallah, har ruwanta ya zaizaye, tsininta ya gajarce, tambarin ya shafe. An kuma yi mata sabon kube ja mai tuntu, aka yar da tsohon. Kowane gyara an yi shi ne da kyakkyawar niyya, kuma kowanne ya rage mata kuɗi. Garin neman gira aka rasa ido.

Mai tantancewa yana auna tsawon ruwa don ya ga ko an ci shi da washi. Yana duba ko tsini ya taɓa karyewa aka sake fiƙe shi, ko makari yana motsi, ko an taɓa kwance ƙarfen da ya ɗaure ƙarshen mariƙi. Yana bambanta duhun tsufa, wanda ba ya cutarwa kuma ana son sa, da jar tsatsa mai cin ƙarfe tana barin ramuka. Kuben asali, ko da ya tsage, ya fi sabo daraja nesa ba kusa ba. Abin da ya kamata magaji ya yi kaɗan ne: ya shafa mai marar kauri da tsumma mai laushi, ya ajiye wuƙar a wajen kube domin fata na riƙe danshi, musamman da damina, sannan ya bar ta haka.

Sai abu na ƙarshe, wanda a ganina ya fi sauran nauyi. Wuƙar da ba a san mai ita ba ƙarfe ce kamar dubban 'yan'uwanta. Wadda ta zo tare da takardar sallama mai lambar soja da sunan bataliya, da Tauraron Bama, da hoton mai ita cikin kaki, ta zama shaidar tarihi, kuma kasuwa ma tana biyan wannan bambanci. Labarin baka kawai ba ya wadatar da mai saye, domin kowane dillali yana da nasa. Saboda haka raba kayan a wajen gado, wannan ya ɗauki lamba, wancan ya ɗauki wuƙa, takarda kuma ta tafi wurin mai ƙosai, ya fi tsatsa ɓarna.

Ba na cewa haramun ne a sayar. Talauci gaskiya ne, kuma mai abu shi ke da iko da abinsa. Amma kada a miƙa wa ɗan gwangwan a kan nauyin ƙarfe, kada kuma a amince da farashin mutumin farko da ya nuna zumuɗi. A ɗauki hotuna ta kowane ɓangare, a kwatanta da sakamakon gwanjon da aka riga aka kammala, ba da kuɗin da masu talla ke nema a intanet ba. Kafin komai, a zauna da tsofaffin gida a rubuta abin da suka ji daga bakin mai wuƙar, a kai kwafin takardun wuri irin Gidan Arewa da ke Kaduna. An rubuta littattafai masu yawa kan hafsoshin Turawa na yaƙin Bama, amma na manoman da aka ɗebo daga ƙauyukanmu kaɗan ne. Abin da zai cike wannan giɓi yana cikin adakokinmu, kuma masu iya bayaninsa suna ƙarewa.