Kafin Kwamfuta Ta Karɓi Littafin Ƙungiya

'Yan uwa, duk ƙungiyar da ke tara kuɗin jama'a, littafinta shi ne mutuncinta. A nan Masaka yawancinmu sammako muke yi mu bi ta Mararraba da Nyanya zuwa Abuja, ba mu dawowa sai dare, don haka ba kowa ke samun zuwa taro ba. Shi ya sa ake ta kiran a mayar da rajistar mambobi da kuɗin wata cikin manhajar intanet, kowa ya duba daga wayarsa. Rubuta manhaja sana'ata ce, kuma ina goyon bayan kiran. Sai dai akwai wani aiki da ba ya fitowa a fuskar waya, wanda nake so mu sani kafin mu miƙa amanarmu.

Aikin shi ne gwajin ɓangare-ɓangare. Magini na kirki yakan ƙwanƙwasa bulo tun yana ƙasa, kafin ya ɗora shi a bango. Haka mai manhaja yake rubuta ƙananan umarni da za su jarraba kowace ƙa'ida ita kaɗai: a ba ta bayani mai kyau a ga ta karɓa, a ba ta gurɓatacce a ga ta ƙi. Duk lokacin da aka taɓa manhajar sai a sake kunna su gaba ɗaya, cikin ɗan lokaci su nuna abin da ya lalace. Dabarar ta daɗe: Kent Beck da Erich Gamma sun fitar da JUnit a 1997, kuma Ruby on Rails, da ya fito a 2004, yakan tanadi wurin gwaji ga kowane sabon aiki.

Abu na farko da nake gwadawa shi ne ƙa'idar karɓar bayani. Lambar asusun banki alƙaluma 10 ce, lambar NIN 11 ce, kuɗin wata kuma ba zai zama sifili ko ƙasa da haka ba. Waɗannan masu sauƙi ne. Wuyar tana wajen abin da ya shafi rayuwarmu. Idan aka ce suna ba zai maimaitu ba, Muhammad Sani na biyu ba zai shiga rajista ba. Idan aka ce haruffan Turanci kawai, an kori Ɗanladi da Sa'adatu. Idan aka ce dole lambar waya ta zama alƙaluma 11, ina ɗan uwanmu na Maraɗi da lambarsa ta Nijar mai alƙaluma 8? Miji da mata da ke amfani da waya ɗaya fa? Dattijon da ya san shekarunsa amma bai riƙe ranar haihuwa ba, idan aka matsa masa, 1 ga Janairu za a rubuta, ƙarya ta shiga littafi ke nan. Kowanne daga cikin waɗannan nakan rubuta masa gwajinsa.

Na biyu shi ne alaƙa tsakanin bayanai, kuma nan ne haƙƙin mutane yake. Mamba ɗaya yana da biya da yawa, amma kowane biya na mutum ɗaya ne, kada a sami rasit marar mai shi. Magidanci yana iya samun mata har huɗu, kowane yaro kuma a haɗa shi da mahaifinsa da mahaifiyarsa. Gwajin da na fi damuwa da shi shi ne na rasuwa. Akwai tsarin da in aka goge sunan mutum, duk abin da ke rataye da sunan sai ya bi shi. Ke nan mutumin da ya yi shekara goma yana biya, ranar da iyalinsa suka zo neman tallafi sai a ce babu shaida. Don haka nakan sa gwajin ya yi yunƙurin goge mamba mai tarihin biya. Dole manhaja ta ƙi, ta yarda kawai a rubuta cewa ya rasu.

Ku lura, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake koya a ajin kwamfuta. Ma'aji ne ya san su, da sakatare, da iyayenmu mata masu riƙe adashe, domin su suka sha raba rigimar lissafi. Roƙona shi ne su zauna da mai manhaja, su lissafo masa duk wata matsala da suka taɓa gani a littafi, shi kuma ya mayar da kowacce gwaji. Ranar da zai miƙa aiki, kada mu tsaya kallon kyawun launi. A ce ya kunna gwaje-gwajen a gaban taro, ya karanto su da Hausa ɗaya bayan ɗaya. In babu na marigayi da magadansa, a ce ya koma ya ƙarasa aikinsa.