Mun faɗi takara, amma hatsi bai tsaya ba

Bara bayan girbi wani foroje ya yi shela: akwai tallafi don kula da tsofaffi, amma sai an yi takara. Kowace ƙungiya ta kai dosiye, kwamiti ya ba da maki, mai rinjaye ta ɗauka.

Mu kam har mun fara rabon kuɗin a baki. Ai mun daɗe muna taɓa asusun taimako, muna kai wa tsofaffin unguwarmu hatsi da sabulu, muna raka su likita.

Sai muka faɗi. Ba mu da takardar izinin ƙungiya, lissafinmu bai daidaita ba, aikin kuma duk a ka yake, ba a kaye ba. Kwamiti bai san mu ba, takarda ya sani.

Wata tsohuwa makauniya da ta ji, sai ta ce: "'Ya'yana, hatsin ya tsaya ke nan?" Kunya ta kama mu. Muka ce a'a, Inna.

Yanzu kowace tiya da muka kai, sakatariya na rubutawa da rana da suna. 'Yan uwa, ku nemi takardunku tun ba a yi shela ba.