Ɗigon Jini a Kunnen 'Yar Mubi

A Mokolo, in ka ce kyanwarka na da ciwon suga, kallon wanda rana ta taɓa ake yi maka. Mutum nawa ne a garin nan ya san lissafin sugan jikinsa, balle na mage? Na sha wannan dariya a rumfa, musamman ranar Laraba da kasuwa ke ci. Maƙwabcina mai albasa har cewa yake, "Alhaji, ya jikin Hajiya paatu?" Haka Fulanin nan ke kiran kyanwa. Ni kuwa sai in ce da sauƙi, don gaisuwa ce, ko da wasa aka yi ta.

Masu dariyar ba su san inda ta fito ba. Ƙarshen watan Oktoba na 2014, da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, muka fito ta Sahuda muka ƙetaro Bukula, daga nan Mogode, har Allah ya sauke mu nan. Ban fito da sikelina ba, buhunan wake na bar su jere a shago. Uwargida kuwa ta fito da kwando, a cikinsa 'yar mage da ko bera ba ta fara kamawa ba. Ita ce abu mai rai guda da ya rage mana daga wancan gida. 'Yar Mubi muke ce mata. Ta girma ta tsare mini wake da gyaɗa shekara da shekaru, ba ta taɓa neman lada ba.

Da tsufa ya zo sai ta fara shan ruwa kamar raƙumi, ga ci, ga rama. Autarmu ce ta lura kiyashi na taruwa inda ta yi fitsari. Ni mai ciwon suga ne, na daɗe da shi, saboda haka gabana ya faɗi tun kafin mu kai ta wurin likitan dabbobi a Marwa. Tafiyar ta kai kilomita 80, a kwali, a kan cinyata, tana kuka tun daga tasha. Likitan ya gwada, lambar ta yi sama sosai, amma ya ce kada in ɗauke ta gaskiya duka. Wai kyanwa in ta tsorata suganta kan hau ko da lafiyarta lau, har ya kan kai na mai ciwo. Ya ce in koma gida in riƙa gwada ta inda ta saba, in rubuta, in turo masa ta WhatsApp. Bayan kwanaki, da lambobin gida suka ƙi sauka, ya ɗora ta a kan insulin, safe da dare, awa 12 tsakani.

Ga yadda muke yi. A gefen kunnen kyanwa akwai wata siririyar jijiya da ke bin baki-baki. In ka haska tocila ta baya za ka gan ta kamar zare. Kunne mai sanyi ba ya ba da jini, kuma sanyin Mokolo na Disamba da Janairu ba wasa ba ne, garin kan dutse yake. Sai mu jiƙa tsumma da ruwan ɗumi mu riƙe kunnen kamar minti guda. A sa auduga ta ciki, a ɗan tsira da allurar gwaji kusa da jijiyar, ɗigo ya fito kamar ƙwayar gero, a kai bakin tsinken gwaji, wanda masu famasi na nan ke kira bandalet. A danne wurin kaɗan, a ba ta ɗan kifi. Yanzu in ta ji ƙarar murfin kwalbar tsinke, da kanta take zuwa, kifin take bi.

Na'urar tawa ce, ta mutane. Likita ya ce irinta kan nuna ƙasa da gaskiya a jinin kyanwa, don sugan kyanwa yawancinsa a ruwan jini yake, na'urar kuma an auna ta ne da jinin ɗan Adam. Amma in ita kaɗai ake amfani da ita kullum, ana gane hawa da sauka. Lafiyayyar kyanwa tana tsakanin 80 da 120 ne, kusan kamar mu. Ku da kuka zo daga Najeriya ku lura: in na'ura ta nuna 350, likitocin Kamaru gram uku da rabi za su ce maka. Abu ɗaya ne, bakin ne ya bambanta.

Lokaci-lokaci mukan yi gwajin yini guda, duk bayan awa biyu, daga allurar safe zuwa ta dare, don a ga inda sugan ya fi yin ƙasa. A nan haɗarin yake. Suga mai yawa a hankali yake cin jiki, wanda ya faɗi kuwa yana iya kashewa kafin la'asar. Ni in nawa ya sauka ina jin zufa da rawar hannu, in ce a miƙo mini dabino. Ita ba ta da bakin faɗa. Wata rana ina Garwa sarin kaya, Auta ta kira ni, murya na rawa: "Baba, tana tangaɗi, na gwada 48." Na ce ta shafa mata zuma a dasashi, kada ta ɗura mata komai a maƙogwaro, in ta farfaɗo ta ba ta abinci, ta sake gwadawa. Daren nan ba a yi allura ba sai da likita ya amsa waya, ya rage adadin. Yarinyar nan da ko kaza ba ta iya kallon ana yankawa, yanzu ita ke riƙe da littafin.

Sirinji ma sai da ido. Insulin ɗinta mai lamba 100 ne, wani mai shago ya miƙo mini sirinji mai lamba 40, ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. In ka ja zuwa layi guda a wannan, ka ba ta ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Na mayar masa da kayansa.

Ajiya kuma, wuta a nan sai ta ga dama. Kwalbar da ba a buɗe ba tana firjin wani abokin arziki mai janareta. Wadda muke amfani da ita tana cikin ƙaramar tukunya, a cikin babba, da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, irin dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Hankalina ya ƙara kwanciya da na karanta binciken da likitocin MSF da Jami'ar Janiba suka fitar a 2021, bisa zafin sansanin Dagahaley na Kenya: insulin da aka buɗe ya riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin 25 da 37. Watan Afrilu dai sau biyu muke jiƙa rairayin.

Inda abin ke ciwo shi ne tsinke. Kwalba ɗaya muke ci ni da ita, kuma yinin gwaji guda yana cinye bakwai. Uwargida, wadda ta ɗauko ta a kwando, ita ce ta fara ƙirga su. Ta ce, "Malam, in ya rage goma, naka ne. Ban yarda ba." Ban yi musu ba, sai dai na daina bari ya kai goma. Duk ɗan'uwa mai sauka Garwa ko Marwa ina ba shi sautu, in roƙe shi ya duba ranar lalacewa a jikin kwalbar, kada kuma ya bar ta a gaban mota rana ta dake ta.

Tuwo da shinkafa an hana ta, sai kifi da 'yan tarkacen nama daga mahauta, da beran da ta kama wa kanta. Likita ya ce wasu kyanwoyin, in aka riƙe sugansu da wuri, sukan daina buƙatar allurar gaba ɗaya. Tata an rage sau biyu ke nan. Jiya da safe, kafin ta ci abinci, ta nuna 164. Nawa ya nuna 171, Auta ta rubuta duka biyun a shafi ɗaya.